Mai Makullin Lambu

Akwai wani mutum da ake ce wa Gwani, kuma gaskiya ba sunan zolaya ba ne. Sana'arsa bonsai, irin bishiyoyin nan da ake raino a ɗan kasko, su yi shekara ashirin ba su wuce tsawon hannu ba.

Yadda yake aikin ma abin kallo ne. Zai je wurin masu sayar da dashe, ya bi layin baƙaƙen ledoji, ya wuce duk miƙaƙƙun nan masu kyau, ya tsaya a kan wata karkatacciyar ceɗiya da aka wurgar a lungu. Ya kawo ta gida, ya rage mata saiwa, ya aske rassan da ba su yi masa ba, ya naɗe sauran da wayar jan ƙarfe, ya lanƙwasa su yadda ya ga dama. Bayan shekara ɗaya in ka ganta, sai ka rantse ta girmi kakanka.

Masu hali suna saye su ajiye a falo, ofisoshi suna saye, masu otal suna saye. Yana da shafi a intanet kuma, kullum yana ɗora bidiyo, da farar riga da baƙar safar hannu, yana magana ƙasa-ƙasa sai ka ce likita. Akwai maganar da ba ya gajiya da faɗa: "Ni wayata ba ta cin reshe."

Bari in yi muku bayani, don a kan wayar nan labarin ya tsaya. In ka naɗa wa reshe waya, reshen ba ya daina girma. Yana ƙara kauri a hankali, ita kuwa waya tana nan yadda take. In ba a cire ta a kan lokaci ba, sai ta nutse cikin ɓawo, ta bar tabo mai zagaye wanda ba ya gogewa, wani lokacin ma ta shaƙe reshen ya bushe. Duk mai wannan sana'a yana da tabon da yake juyawa bango. Gwani ne kaɗai bai taɓa ganin ko ɗaya a lambunsa ba. Ƙa'idarsa wata shida: ya naɗa, ya rubuta rana, sai bayan wata shida ya cire. A bidiyon mutanen ƙasashen sanyi ya gani, ya riƙe, kuma tunda bai taɓa ganin ɓarna ba, kansa ya kumbura har ya fi ƙarfin hularsa.

Lambunsa na ce ko? Ku yi mini afuwa. Lambun Babansa ne.

Baba shekara arba'in ya yi yana sayar da dashe a bakin titi. Shi ya fara rainon ƙananan bishiyoyi a bayan gida tun ba a san sunan abin ba, "'yan gajeru" yake ce musu. Shi ya kama hannun Gwani ya ɗora a kan almakashi. Lambun yana bayan gidan, da ƙofar masu saye ta wajen titi, da wata 'yar ƙofar raga tsakaninsa da tsakar gida.

To, tsufa ya zo wa Baba da ciwon mantuwa. Zai ci abinci ya ce ba a ba shi ba. Zai zauna a ɗakinsa ya tambayi matar Gwani, "'Yar nan, gidan wa ne nan?" Da Gwani da Yayarsa suka kai shi asibiti, likita bai ɓoye musu komai ba.

"Babu maganin da zai dawo da shi," in ji likita. "Amma akwai abin da zai riƙe muku shi. Duk aikin da hannunsa ya saba, ku bar shi ya ci gaba da yi. Ranar da kuka raba shi da shi, abin zai yi sauri, kuma ba ya komawa baya."

Kowa a gidan ya ga gaskiyar maganar da idonsa. A ɗaki Baba baƙo ne. Amma da ya ɗauki tsohuwar butarsa ta ban ruwa ya tura ƙofar raga, sai ka ga mutum ya dawo. Ya san kowace bishiya, ya san shekarar da aka dasa ta, ya san wadda ba ta son rana. Kuma a nan ne kaɗai yake ɗaga kai ya ce, "Auta, ka tashi lafiya?"

Tun da Gwani ya yi suna ya hana kowa kiransa Auta, har Yaya. Baba ne kawai ya manta da dokar. Kuma in za a faɗi gaskiya, duk safiyar da Gwani ya ji sunan nan, wani abu yana kwanta masa a ƙirji. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ana nan sai babban aiki ya faɗo. Wata Hajiya tana gina otal, tana son bishiya arba'in da za a jera a zauren shiga ranar buɗewa, kowacce da ɗan allo mai sunan Gwani a gindinta. Saura wata huɗu. Gwani ya kwashe mako biyu yana naɗa waya, har yatsunsa suka yi kanta. Wadda ya fi ji da ita wata tsohuwar tsamiya ce, ita za ta zauna a tsakiya.

Bayan kamar wata ɗaya, wata safiya ya shiga lambu, ya tsaya cak. Bishiya bakwai babu waya a jikinsu. Ga Baba zaune a kan kifaffen bokiti, yana miƙe wayoyin ɗaya bayan ɗaya a kan gwiwarsa, yana ɗaure su dami-dami.

"Baba! Me ka yi haka?"

Baba ya ɗago da fara'arsa. "Auta, ka tashi lafiya? Tana ci ne."

"Me ke ci?"

"Tana ci," in ji Baba, ya nuna bishiyoyin da babban yatsa. Ya buɗe baki zai ƙara bayani, kalmar ta ɓace masa. Sai ya koma kallon wayar da ke hannunsa.

Gwani ya yi tsaki ya ƙwace damin. Aikin kwana biyu ya tashi a banza! Ranar bai ci abincin rana ba, yana mayar da waya yana mita. Matarsa ta leƙo ta ƙofar raga ta ce, "Maigida, game da wayar nan, akwai abin da ya kamata ka sani."

"Ke ma kin zama gwanar bonsai? Je ki kula da tukunyarki."

Ta koma. Ita ma tana da zuciya.

Washegari uku aka kwance. Jibi biyar. Gwani ya ɓoye filaya, Baba ya kwance da yatsu. Gwani ya yi faɗa, Baba ya ba da haƙuri, gari ya waye ya manta ya sake.

Sai ranar da Hajiya ta zo duba aikinta.

Gwani yana gaba yana zuba bayani, tana biye da jakarta a hannu. Suna karya kwana wurin tsamiya, sai ga Baba a tsugune, rigarsa duk laka, yana warware wayar babban reshe a hankali, harshensa a tsakanin haƙora.

Hajiya ta ja baya. "Wannan kuma wa ye? Ba tawa ce yake taɓawa ba?"

Jama'a, a nan ne mutum yake nuna ko shi wane ne. Abin da zai faɗa bai wuce kalma biyu ba: Babana ne. Amma Gwani ya dubi lakar rigar, ya dubi takalman Hajiya, sai ya yi 'yar dariya.

"Wani tsohon mai ban ruwa ne, Hajiya. Kansa ya taɓu. Tausayi ya sa muka bar shi yana zagayawa."

Baba ya ji. Mantuwa gare shi, ba kurumta ba. Ya ɗago ya dubi ɗansa, ya dubi Hajiya, sai ya miƙe da ƙyar ya rusuna mata ya ce, "Sannu da zuwa, ranki ya daɗe."

"Allah sarki," in ji Hajiya. "Amma dai a kula mini da kayana."

Motarta ba ta gama fita layin ba Gwani ya dawo kamar an koro shi. Baba ya riga ya koma kan tsamiya. Gwani ya cafki wayar ya fizge da ƙarfi, bakinta ya yanki Baba a tafin hannu. Jini ya ɗiga a kan tsakuwar kasko.

Kun san abin da Gwani ya fara gogewa? Kaskon.

Ya kama Baba a damtse ya fitar da shi tsakar gida, ya wurgo masa butarsa. Ya tafi shago ya sayo ƙaton kwaɗo, ya danna wa ƙofar raga, ya rataya makullin a wuyansa da igiya. A makon nan ya sa aka ja masa bututu masu fesa ruwa da kansu safe da yamma, don kada ma wani ya ce masa wa zai yi ban ruwa.

Da safe Baba ya fito da butarsa cike, hannu a naɗe da bandeji. Ya tura ƙofa, ta ƙi. Ya sake turawa. Ya hango ɗansa ta cikin raga.

"Auta, ƙofar ta maƙale."

"Ba maƙalewa ta yi ba. Koma ɗaki."

"'Yan gajeru ba su sha ruwa ba."

"Sun sha. Na ce ka koma ɗaki!"

Baba bai koma ba. Ya tsaya riƙe da raga har rana ta take, ruwan butar yana ɗiga a ƙafarsa. Haka washegari, haka kowace safiya. Masu saye suka fara tambaya, wane tsoho ne wancan mai kallonmu? Sai Gwani ya kira mai walda ya lulluɓe ragar da kwanon rufi daga sama har ƙasa, ko ganye ɗaya ba a hangowa.

Da Yaya ta zo ƙarshen mako ta ga kwanon, jakarta ta faɗi daga hannunta.

"Kai, kana da hankali kuwa? Ba a gabanka likita ya yi magana ba?"

"Likita ne zai mayar mini da wayar? Yaya, sunana ne a kan aikin nan."

"Sunanka! Wa ya raɗa maka sunan? Kai da ko bambancin tsamiya da ciyawa ba ka sani ba sai da ya nuna maka?"

"In kin damu, ki tafi da shi gidanki."

Ya san inda ya soka. Yaya ta taɓa gwadawa. Gidanta a saman bene yake, kwana biyu Baba ya yi yana kuka, ran na uku ya sulale ya fita titi, sai bayan la'asar aka tsinto shi a tashar mota. Tun daga nan likita ya ce kada a sake raba shi da gidan da ya sani.

Yaya ta sauke murya, har da hawaye. "Na ji. Don girman Allah, ka ba shi ko guda ɗaya. Guda ɗaya tak, ya ajiye a ƙofar ɗakinsa. Ɗan'uwana, a lambun nan kaɗai yake gane mu. Kana so ya manta ka?"

"Zan duba," in ji Gwani.

Ya kuwa duba. Wallahi da bai duba ba ya fi. Washegari ya dawo daga kasuwa da bishiyar roba, irin wadda ake sakawa a teburin ofis, ganyenta shar, an manne mata tsakuwa da gam. Ya dire ta a ƙofar ɗakin Baba. Matarsa ta dube shi, ya ɗaga kafaɗa.

"Mutumin da bai san ya ci abinci ba, ina zai san roba?"

Baba ya yi murna kamar yaro. Ya ɗauko buta ya ba ta ruwa, ya matsar da ita inuwa, ya yi mata hira. Kwana uku yana haka. Ran na huɗu Gwani yana wucewa ya gan shi ya sa babban yatsa yana shafa reshen daga gindi zuwa sama, ya kankare da farce, ya kai hanci ya sansana.

"Auta," ya ce a hankali, "wannan ba ta da rai."

"Tana da shi. Ci gaba da ba ta ruwa."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ajiye butar a gefen bango ya shige ɗaki. Bai ƙara ɗaukarta ba, kuma wannan ne kira na ƙarshe da ya yi wa ɗansa da sunan nan. Gwani bai ma lura ba, yana sauri zai ɗauki bidiyo kafin rana ta yi zafi.

Damina ta kankama. Ga ruwan sama, ga ruwan bututu, ga taki da Gwani ya ƙara don ganye ya cika kafin ranar buki. Bishiyoyin suka yi lif-lif, ganye ya rufe rassa ruf. Shi kuma gayyata ta yi masa yawa, yau yana wannan gari yana koyar da naɗin waya, gobe yana wancan. In ya dawo ya leƙa lambu ya ga kore shar, sai ya ce, "Kun gani? Da aka huta da hannun tsoho."

Baba kuwa ya daina fitowa. In ya ji ƙarar makulli a wuyan Gwani sai ya matsa ƙuryar gado. Matar Gwani ta ce masa, "Baba fa ya rage magana, ko abinci sai na yi da gaske." Ya ce, "Bari a gama bukin nan, zan zauna da shi."

Saura mako ɗaya a kai kaya, Gwani ya shiga lambu da almakashi don rage ganye, siffar rassa ta fito. Ya fara da tsamiya. Ya ɗaga ganyen babban reshe, sai almakashin ya tsaya a hannunsa.

Babu waya. Wato tana nan, amma ta nutse. Ɓawo ya kumbura ta gefe da gefe ya kusa haɗiye ta, reshen ya koma kamar hannun da aka ɗaure da igiya ya kwana. Can ƙarshensa ganye ya fara rawaya. Ya taɓa, suka zubo masa a hannu.

Ya ruga kan ta biyu. Haka. Ta uku, ta goma, ta ashirin. Ya ɗauko filaya ya gwada zaro waya daga wata ceɗiya, ta fito da ɓawo da farin ruwa, ta bar rami mai zagaye tun daga gindin reshe har kansa. Arba'in ɗin nan babu wadda ta tsira.

"Innalillahi! Wata huɗu ne fa! Ko shida ba a kai ba!"

Ihunsa ya sa matarsa ta zagayo ta ƙofar titi. Ta tarar da shi zaune a ƙasa cikin laka da farar rigarsa.

"Shekara goma sha biyu wayata ba ta taɓa ci ba," yake ta faɗa. "Me ya faru? Wani ya yi mini hannu ne?"

Ta dube shi, babu tausayi a idonta ko kaɗan.

"Babu wanda ya yi maka hannu. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan, kullum da sassafe kana barci, Baba yana bin bishiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya yana shafa wayar da yatsa. Wadda ya ji ta fara matsewa, sai ya kwance ya mayar da ita sako-sako, daidai yadda ka naɗa. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya gaya maka. Ya ce, bar shi, yaro ne, yana jin daɗin a ce hannunsa ne."

Ta ci gaba da cewa:

"Da ciwon ya yi ƙarfi, kwancewar bai manta ba. Mayarwar ce take ɓace masa. Abin da na zo gaya maka ke nan, ka ce in je in kula da tukunyata."

Tana ci. Tsohon ya faɗa masa da bakinsa, da iyakar kalmomin da suka rage masa.

Hajiya ta zo washegari, ta ɗaga ganye biyu, ta ajiye. "Ba kai ne wayarka ba ta cin reshe ba?" Iyakar abin da ta ce ke nan, ta shiga motarta. Amma wallahi a lokacin Gwani ba ta otal yake ba. Tun daren jiya abu ɗaya ke masa yawo a kai: yaushe rabon da ya ji an ce Auta?

Ya kira Yaya ta zo. Ya ɓalle kwanon da hannunsa har ya yanke, ya buɗe kwaɗon ya wangale ƙofar. Sannan ya nufi ɗakin Baba, makullin yana lilo a ƙirjinsa, ya manta bai cire ba.

Baba yana zaune a bakin gado, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yana ganin Gwani ya miƙe da sauri, ya ɓoye hannayensa a baya.

"Ban taɓa komai ba, ranka ya daɗe."

"Baba, ni ne."

"Na sani. Mai Makulli ne. Wallahi ban je wurin ƙofar ba, ka tambayi 'yar nan."

Yaya ta toshe bakinta da mayafi. Ita ta kama hannunsa ta lallaɓa shi har lambu, don ya ƙi yarda Gwani ya taɓa shi. A bakin ƙofa ya toge, ya waiwayo.

"An yarda in shiga?"

"An yarda, Baba. Naka ne. Duk naka ne."

Ya shiga a hankali. Gwani yana binsa a baya, yana cewa a ransa yanzu zai dawo, yanzu zai juyo ya kira ni. Baba ya wuce bishiyoyin bai kira sunan ko ɗaya ba. Amma da ya iso tsamiya, hannunsa ya tashi da kansa. Babban yatsa ya bi reshen, ya faɗa ramin waya, ya tsaya. Ya bi shi zagaye bayan zagaye har ƙarshe. Hawaye suka zubo masa.

"Wane mugu ne ya yi mata haka?"

Gwani ya zube a gabansa gwiwa biyu, ya riƙe ƙafafunsa. "Ni ne, Baba. Ni ne Autanka. Ka yafe mini, don Allah ka yafe mini."

Baba ya janye ƙafarsa, ya dube shi sama da ƙasa, ya girgiza kai.

"A'a, malam, kada ka yi wa yarona sharri. Autana ba ya haka. Autana ko ganye ya tsinka bisa kuskure sai ya zo ya gaya mini yana kuka."

Gwani ya cire makullin ya jefar. Ya cire farar rigar. Ya ɗauko tsohon hotonsu su biyu a bakin titi cikin ledojin dashe ya nuna masa. Baba ya shafa fuskar yaron da ke hoton ya yi murmushi, ya ce, "Ga shi nan." Ya ɗago ya dubi ƙaton da ke gabansa, murmushin ya ɗauke.

Sun koma wurin likita. Likita ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya ce, "Ai na gaya muku."

Daga ranar ƙofar lambu ba ta sake rufuwa ba. Gwani ya daina tafiye-tafiye. Shi ke yi wa Baba wanka, shi ke ba shi abinci a baki, shi ke cika masa buta ya riƙe masa ita. Baba ya daina jin tsoronsa a hankali, har yana ce wa Yaya, "Mai Makullin nan ya fara kirki." Amma sunan bai canza ba.

Abin da ya fi kashe Gwani kuwa shi ne saƙon. Kusan kowace safiya, in ya sunkuya yana sa masa takalmi, sai Baba ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Malam, in roƙe ka wani abu? Kai kana fita gari. In ka ga Autana, ka ce masa an rufe ni a nan. Ka ce ya zo ya buɗe mini. Bai sani ba ne, da ya sani da tuni ya zo."

Gwani ya ce, "Zan gaya masa, Baba."

"Kada ka manta."

"Ba zan manta ba."

Wata bakwai yana karɓar saƙon nan. Ranar da Allah ya yi wa Baba cikawa, da hantsi ne, kansa yana kan cinyar Gwani, Yaya tana riƙe da hannunsa mai tabon waya. Ya buɗe ido ya dubi ƙofar ɗaki, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wa Yaya, "Auta bai zo ba."

Gwani yana nan har yanzu, yana sana'arsa daidai gwargwado. Ya goge bidiyoyin nan duka. Tsamiyar ta rayu, amma babban reshen ya bushe, kuma ya ƙi yanke shi, ya ƙi sayar da ita. Kullum da sassafe za ka same shi yana bin bishiyoyi yana shafa waya da babban yatsa. Yaya, da tausayinsa ya kama ta, ta gwada kiransa Auta sau ɗaya. Ya ce mata don Allah ta bari.

Darasi: Yawancin abin da kake taƙama da shi, akwai hannun da yake gyara maka a ɓoye, kuma sau da yawa hannun iyayenka ne. In tsufa ya sa sun fara yin abin da ba ka gane ba, ka tambaya kafin ka yi tsawa, ka saurara kafin ka sa kwaɗo. Kada ka raba tsoho da ɗan abin da ya rage masa don kare sunanka, domin akwai ranar da za ka zo neman gafara ka tarar wanda zai yafe maka bai san ko kai wane ne ba. Wanda nasa suke raye, ya ajiye wayar nan ya je ya gaishe su yau. Amma kafin nan, ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai makulli a wuya da zai karanta ya buɗe ƙofa tun ana gane shi.